Injin buga ƙwaya da mudu yake awo, ba da sikeli ba

Wani matashin mai haɗa magunguna da bai daɗe da kama aiki a wata masana'anta a Kano ba ya aiko da wannan tambaya: "Mun sauya inda muke sayo garin farasitamol. Ɗakin gwaji ya ce tsarkinsa ya cika, kuma ba mu taɓa komai a tsarin haɗinmu ba. Amma tun da muka fara aiki da shi nauyin ƙwayoyin ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, wasu kuma samansu na ɓallewa kamar an tuɓe musu hula. Mai kula da inji ya ƙara matsi, sai abin ya ƙara lalacewa. Ina matsalar take, tunda dai sinadarin ɗaya ne?"

Ƙanena, ka fara gaya wa mai kula da injin nan ya mayar da matsin inda yake. Ruwa ba ya tsami banza, amma ba a cikin inji naku ya yi tsami ba. Takardar da ɗakin gwaji ya ba ka gaskiya ta faɗa: abin da ke cikin durom ɗin farasitamol ne. Abin da ba ta faɗa maka ba shi ne halin garin, wato girman ƙwayoyinsa, siffarsu, yadda yake zuba, yadda yake shan ruwa, da yadda yake amsa matsi. Gari biyu na iya zama sinadari ɗaya sak, amma a kan inji su zama kamar tsakin masara da garin tuwo. Dukansu masara ne, amma ba mai dafa su iri ɗaya.

Abin da nake so ka riƙe kafin komai shi ne injin buga ƙwaya ba ya auna nauyin garin da zai danne. Rami gare shi na ƙarfe, kamar ɗan turmi, da taɓare biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Gari ya zubo ya cika ramin, a share saman, taɓaren su haɗu su danne, ta ƙasa ta turo ƙwaya waje. Tun 1843 da William Brockedon ya yi wa wannan dabara rajista a Ingila, lokacin da guduma ake bugawa da hannu, asalin aikin bai sauya ba, sauri kawai aka ƙara. Ke nan ramin nan mudu ne. Kowa ya san mudun gero da mudun dusa ba nauyinsu ɗaya ba, kuma duk wanda ya taɓa awo a kasuwa ya san mudun da aka girgiza ya fi wanda aka zuba sama-sama. Mu ɗauka ƙwayarku miligiram 600 ce, kuma kowace mililita ta garinku rabin giram take ɗauka. An saita ramin a mililita 1.2. In garin ya ɗan zauna har mililita ta koma ɗaukar giram 0.55, ƙwayar za ta fito miligiram 660 ba tare da kowa ya taɓa injin ba. Ƙarin kashi 10 cikin ɗari ke nan, alhali ƙa'idar kundin magunguna na Birtaniya ga ƙwayar da ta kai miligiram 250 ko fiye kashi 5 ne. Ana auna ƙwayoyi 20, ba a yarda fiye da biyu su kauce wa matsakaicin nauyi da fiye da wannan ba, kuma ko ɗaya kada ta ninka shi.

Don haka aikinka na farko ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Samo silinda mai awon mililita 250, ka zuba giram 100 na tsakin da kuke bugawa, wato haɗaɗɗen garin da kuke zuba wa inji, a hankali, kada ka girgiza, ka karanta inda ya tsaya. A ce mililita 200. Sai a yi ta buga gindin silindar, a ƙa'ida sau 10, sau 500, sannan sau 1250, har garin ya daina sauka. A ce ya tsaya a 160. Ragin 40 ke nan cikin 200, wato kashi 20 cikin ɗari. Wannan shi ne ma'aunin Carr, da sunan Ralph Carr wanda ya fito da shi a 1965. In kuma ka raba 200 da 160 za ka sami 1.25, ma'aunin Hausner, wanda asalinsa a kan garin ƙarfe aka yi shi a 1967. Garin da ragin nasa bai wuce kashi 15 ba zai zuba maka lafiya. Daga 16 zuwa 25 ana lallaɓawa. Da ya haura 25 ka san akwai aiki a gabanka, domin garin da ke sauka da yawa in an buga shi, shi ne wanda ke riƙe iska a tsakaninsa, kuma girgizar inji kaɗai ta isa ta riƙa sauya masa nauyi daga wannan rami zuwa wancan. Ka yi gwajin a kan tsohon kaya da sabo gefe da gefe. Gani ya kori ji.

Gwaji na biyu ma mai sauƙi ne. Ka bar garin ya zubo ta mazurari a kan takarda har ya yi tsibi, ka auna tsayin tsibin da rabin faɗin gindinsa. In tsayin santimita 3 ne, rabin faɗin 5, gangaren ya kai wajen digiri 31, wanda yake da kyau. In tsayi da rabin faɗi sun zo daidai, digiri 45 ke nan, kana bakin iyaka. Ni dai ban cika dogara da wannan gwaji shi kaɗai ba, saboda hannun mai zubawa na sauya sakamakon, amma yayin yinsa za ka ga abin da lissafi ba ya nunawa: ko garin na kwarara kamar rairayi, ko yana tsayawa a wuyan mazurari sai an ƙwanƙwasa. Abin da ya yi a ƙaramin mazurari shi zai yi a babban mazurarin inji. Wani garin yakan yi gada a bakin fita ya toshe, wani kuma tsakiyarsa ce kawai ke zuba, ya bar rami kamar na ɓera, gefe na tsaye bai motsa ba.

To me ke hana gari zuba? Yawanci laushi. Ana auna ƙwayar gari da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma kaurin gashin kai bai fi maikiron 50 zuwa 100 ba. Garin da ƙwayoyinsa suka haura maikiron 250 galibi yana zuba da kansa, domin nauyin kowace ƙwaya ya fi ƙarfin da ke manna ta da 'yar'uwarta. Da an sauko ƙasa da 100 sai manne-manne ya fara rinjaya. Ƙasa da 10 kuwa gari ya zama kamar kwalli, ya kama cokali, ya kama bangon durom, ya dunƙule. Siffa ma tana da nata. Ƙwaya mai zagaye mirginawa take yi, mai kamar allura kuwa sarƙewa take yi da 'yan'uwanta kamar ƙaiƙayi. Ɗora ɗan gari a kan gilashi ka duba a madubin ɗakin gwaji, tsoho da sabo. Minti biyar ne, amma sau da yawa a nan ake gano bakin zaren.

Zatona a kan lamarinku shi ne sabon farasitamol ɗin ya fi tsohon laushi. Ga dalili. Farasitamol ba ya buguwa haka nan, shi ya sa kusan kowa ke mayar da shi tsaki tukuna, abin da ma'aikata ke kira giranul: a haɗa shi da sitaci, a zuba ruwan ɗauri irin kokon sitaci ko fobidon, a cuɗa, a tura ta rariya, a busar. Kamar dai yadda ake yayyafa wa tsakin dambu ruwa a murza. Yawan ruwan da haɗin ke buƙata ya danganta da faɗin fuskar garin, kuma fuska tana ƙaruwa sosai in gari ya yi laushi. Ɗauki dunƙule mai santimita ɗaya ta kowane gefe, fuskarsa murabba'in santimita 6 ce. Yanka shi zuwa 'yan dunƙulayen milimita ɗaya, ta koma 60. Niƙa shi zuwa maikiron 10, ta koma 6000. Nauyi bai ƙaru ba, amma wurin da ruwan ɗauri zai jiƙa ya ninka sau dubu. Ku kuma kun zuba lita ɗin da kuka saba. Ruwan bai isa ba, tsakin ya fito da rauni, ya murmushe a wajen busarwa da tankaɗe, aka sami ƙura mai yawa a cikinsa. Ƙurar ce ke hana zuba daidai, ita ce kuma ke riƙe iskar da ke taimakawa wajen ɓalle hular ƙwaya. Da kun ce ba ku taɓa komai a tsarin haɗi ba, a nan gizo ke saƙar: gari ya sauya, tsari bai bi shi ba.

Tsofaffin ma'aikata suna da gwajinsu na hannu, kuma ban raina shi ba. A damƙi jiƙaƙƙen haɗin a tafin hannu sanye da safa, a matse, a buɗe. In ya dunƙule ya riƙe shatin yatsu, sannan ka danna shi da babban yatsa ya rabe gida biyu ko uku ba tare da ya wargaje ba, ruwa ya ji. In ya zube kamar rairayi da saura. In ya kama safar ya yi danƙo, an zarce.

Yanzu batun matsi, wanda shi ne inda aka fi yin kuskure. Gari iri uku ne wajen amsa danniya. Akwai mai halin yumɓu: ka danne shi ya lotsa ya zauna a haka. Garin selulos da ake sayarwa da sunan Avicel shi ne sarkin wannan, shi ya sa ɗan kaɗan daga cikinsa ke ƙarfafa ƙwaya. Akwai mai halin kanwa: ba ya lotsawa, farfashewa yake yi, kuma sababbin fuskokin da suka buɗe su ne ke kama juna. Daikalsiyam fosfet haka yake, laktos, wato sukarin madara, ma ya fi karkata can. Sai mai halin soso: ka danne ya matsu, ka ɗaga hannu ya dawo. Farasitamol ɗin da ake sayarwa a kasuwannin duniya yana da wannan hali ƙwarai, saboda yadda ƙwayoyin sinadarinsa suka jeru a cikin kristal ɗin, wato 'yan duwatsun garin irin na gishiri, ba sa zamewa a kan juna. Akwai wani zubin kristal nasa na biyu da ya fi buguwa, amma ba shi da tabbas, yakan koma na farko, don haka ba shi ake kawo muku ba. In ka ƙara wa mai halin soso matsi, ƙarfi kake tara masa. Da taɓaryar sama ta ɗaga, ƙwayar na son kumbura, bangon rami ya riƙe ta ta gefe, sai ta kumbura sama. Tana leƙowa daga bakin rami, ɓangaren da ya fita ya buɗe, na ciki na matse, sai ta tsage daidai wurin. Shi ya sa ƙarin matsinku ya ƙara ɓarna. Abin da ke taimakawa shi ne a rage gudun inji domin garin ya ɗan daɗe a ƙarƙashin taɓarya, a yi amfani da matsin farko mai sauƙi in injin na da shi domin iska ta fita, a kuma gyara tsakin ya sami isasshen maɗauri. Ka duba bakin taɓaren su ma. In gefensu ya lanƙwasa ciki saboda tsufa, yakan cafko saman ƙwaya. Amma tunda matsalar ta zo tare da sabon gari, ba can zan fara ba.

Danshi kuwa, mu da ke aiki a Arewa sai mun fi kowa kula da shi, domin shekararmu kashi biyu ce masu nisa da juna. A hunturu laimar iska a Kano takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a tsakiyar damina ta haura 70. Na taɓa ganin wannan da idona a wata masana'anta da na yi aiki. Takardar aiki ta ce a busar da tsaki awa kaza a tanda, kuma da damina aka tsara ta. Da sanyi ya shigo aka ci gaba da bin awannin nan. Wata safiya na tarar da tire cike da ƙwayoyi, na ɗebi guda goma na rufe a tafin hannu na girgiza, da na buɗe huɗu sun rabu da hulunansu, 'yan faya-fayai sirara kamar ɓawon gyaɗa. Tsakin da ke cikin durom kuwa in ka ɗebo da cokalin ƙarfe sai ka ga ƙura na tsalle tana manne wa bayan cokalin, irin wutar nan da ke ƙara in ka tuɓe rigar sanyi da dare. Da muka auna danshinsa bai kai kashi 1 ba. Ɗan ruwan da ya rage a tsaki shi ke tausasa sitaci da maɗauri su lotsa su kama juna, mu kuma mun ƙone shi duka. Daga ranar muka daina busarwa da agogo, muka koma busarwa da awo: a ciro samfur, a auna, a tsaya in ya kai abin da aka gwada aka ga ya dace. Ga yawancin tsaki irin wannan wajen kashi 2 ne, amma kowane haɗi da nasa, sai kun nemo naku. Da damina kuma akasin haka ake fama da shi: tsaki ya sha laima, ya ƙi zuba, ya manne a fuskar taɓarya har rubutun da ke kan ƙwaya ya cike. Wasu magungunan ma lalacewa suke yi, kamar asfirin da ke fara warin binega in ya sha danshi. Ba banza ba ake gwada ɗorewar magungunan da za a sayar a Najeriya a zafin digiri 30 da laima kashi 75.

Akwai wani abu da ke faruwa bayan an gama haɗi lafiya, wato rabuwa. Girgiza kwanon garin rogo ka gani: manya su hau sama, laushin ya gangara ƙasa. Haka tsaki ke yi a durom in an gangara da shi, da kuma a mazurarin inji mai rawa. In tazarar girma tsakanin manya da ƙanana ta yi yawa, farkon bugu da ƙarshensa ba za su zo da nauyi ɗaya ba. A farasitamol, inda maganin ne mafi yawan ƙwayar, abin ya tsaya a nauyi. Amma ka tuna da digozin na ciwon zuciya, wanda rubu'in miligiram ne kacal a cikin ƙwaya. A can rabuwa na nufin wani majiyyaci ya sha abin da bai isa ba, wani ya sha guba.

Kada ka manta da man shafawa, wato magnesiyam sitiyaret. Ana sa shi kaɗan, daga rubu'in kashi ɗaya zuwa kashi 1 cikin ɗari, domin ƙwaya ta fita daga rami ba tare da ta kama bango ba. A ƙarshe ake zuba shi, a juya minti biyu zuwa biyar. In aka bar injin juyi na ta yi, sai ya shafe kowace ƙwayar tsaki da maiƙo, tsaki ya kasa kama juna, ruwa kuma ya kasa shiga. Ƙwaya ta fito da taushi, sannan ta ƙi fashewa cikin minti 15 da ƙa'ida ta ba ƙwayar da ba a lulluɓe ba a ruwa mai ɗumin digiri 37. Idan tsakinku na yanzu ya bambanta da na da, yadda man ke bazuwa a kansa ma ya bambanta. Don gyaran zuba kuma akwai garin silika mai laushin gaske, kashi 0.1 zuwa 0.5, amma shi taimako ne kawai, ba zai mayar da mummunan tsaki mai kyau ba.

Dalilin da ya sa nake ɗaukar wannan magana da zafi shi ne ba a masana'anta take ƙarewa ba. Faɗin fuskar nan da na yi maka lissafinsa shi ne kuma ke yanke saurin narkewar magani a ciki. Girisiyofulbin da ake ba yaranmu na makero da ƙyar yake narkewa a ruwa, kuma da aka koma niƙa shi ya yi laushi ƙwarai sai aka ga wajen rabin adadin da ake bayarwa a da ya wadatar. Naitirofurantoyin na ciwon mafitsara kuma da gangan ake yin sa da manyan kristal domin ya narke a hankali, tashin zuciya ya ragu. A farkon shekarun 1970 an gano cewa ƙwayoyin digozin masu adadi ɗaya a rubuce suna ba da mabambantan adadi a jinin majiyyata, kuma girman ƙwayoyin garin na cikin manyan dalilai. Wannan na cikin abin da ya sa gwajin narkewa ya zama dole ga ƙwayoyi da yawa. Farasitamol yana narkewa da sauƙi, don haka hatsarinku bai kai can ba, amma gobe wani maganin za a ba ka.

Ga yadda zan bi da shi in ni ne a wurinka. In akwai ragowar tsohon gari, ko da samfurin ajiya ne, ka tankaɗe shi a jerin rariya tare da sabon, ka auna abin da ya tsaya a kowace rariya, ka duba su a madubi, ka yi awon silinda. Sannan ka yi haka ga tsakin, ka ƙara da awon danshi. Ka haɗa ƙaramin kwaɓi na kilo ɗaya ko biyu sau uku, kana ƙara ruwan ɗauri kaɗan-kaɗan, ka busar da su zuwa danshi ɗaya, ka buga su a matsin da kuka saba. Kowanne ka auna nauyin ƙwayoyi 20, ka gwada tauri, ka sa su a gangar gwajin murmushewa mai juyi 25 a minti har juyi 100, inda asarar ba za ta wuce kashi 1 ba kuma ko ƙwaya ɗaya kada ta tsage, sannan ka gwada fashewa da narkewa, domin ƙarin maɗauri na iya jinkirta su. Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a lokaci guda, ka rubuta komai, kuma duk gyaran da za ku ɗauka ya bi ta hannun sashen tabbatar da inganci. In gyaran ya taɓa abin da aka yi wa rajista, ko sauya mai kawo sinadarin kansa, sai an sanar da NAFDAC.

Kayan da kuka riga kuka buga, a keɓe su, kada a tsince masu kyau a tura kasuwa, domin ƙwayar da ba ta tsage a tire ba tana iya tsagewa a cikin kwali a hanyar Maiduguri. Sannan ka zauna da masu sayo muku kaya. Takardar odarku ta gaba ta ƙunshi iyakar girman ƙwayoyin gari da nauyin mililita ɗaya, kafin a buga gindin silinda da bayan an buga, kamar yadda ta ƙunshi tsarki, kuma kowane sabon mai kawo kaya ya fara aiko da samfurin da za ku gwada a kan injinku kafin a biya kuɗin kwantena. In ka samu alƙaluman rariya da na silinda na gari biyun, turo mini su mu duba tare.